Fim Mai Duhu Ko Fim Mai Bin Littafi: Wanne Ya Cancanci Lokacin Mai Kallo?

Duk wanda ya taɓa karanta littafi har ya shiga ransa, daga baya kuma ya ji an mayar da shi fim, ya san irin zullumin da mutum ke shiga kafin ya zauna kallo. Irin wannan zullumi ne ya raba masoya fina-finan sadaukan Amurka, wato su Batman da Superman da Wolverine, gida biyu tun shekaru masu yawa. Gida ɗaya na cewa a kawo sadaukin cikin duniya irin tamu, a bar shi ya ji ciwo, ya gaji, ya yi kuskure, a cire masa tufafi masu ƙyalli da dabarun da hankali ba ya ɗauka, tunda manya ne ke biyan kuɗin kallo. Ɗaya gidan kuwa na cewa littattafan zanen da aka ciro waɗannan sadaukai daga cikinsu amana ce, kuma daraktan da yake jin kunyar launin rigar sadauki ko fara'arsa bai kamata ya taɓa labarin ba tun farko. Mai kallon da ke da sa'o'i uku a daren hutu da ɗan abin da ya rage masa na data yana bukatar sanin wanne daga cikin salon biyu zai biya masa bukata, kuma dominsa nake wannan rubutu.

Kafin a auna komai akwai wata magana da dole a warware, musamman da yake yawancinmu ta fim da katun muka san waɗannan sadaukai, kaɗan ne suka taɓa riƙe takardunsu. Abin da ake kira “asali” tarin labarai ne da ba su da marubuci ɗaya. Superman ya fara fitowa a 1938 daga hannun Jerry Siegel da Joe Shuster, Batman kuma a 1939 daga Bob Kane da Bill Finger, kuma tun daga lokacin ɗaruruwan marubuta da masu zane suke karɓeɓeniya da labarinsu wata bayan wata. Batman na shekarar farko yakan riƙe bindiga, yakan kuma kashe abokan gaba, sai daga baya editoci suka hana shi. A 1954, bayan wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya zargi littattafan zane da lalata tarbiyyar yara, har wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya yi zama a kan batun, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa, labaran suka koma masu sauƙi da raha. Batman na wancan zamani shi ne ya fito a shirin talabijin na 1966 wanda Adam West ya jagoranta, mai cike da barkwanci da launuka. A farkon shekarun 1970 Dennis O'Neil da Neal Adams suka mayar da shi mai binciken dare, sannan a 1986 Frank Miller ya zana shi dattijo mai ɗacin rai a The Dark Knight Returns. Saboda haka idan mutum ya ce fim bai bi littafi ba, sai a tambaye shi littafin wace shekara yake nufi, domin duhun da ake jingina wa daraktoci a takarda aka fara haifarsa.

Hujjar masu son fim mai duhu ta fi ƙarfi a aikin darakta Christopher Nolan, kuma ya kamata a tuna halin da ya tarar da Batman a ciki. Fim ɗin Batman & Robin na 1997 ya cika da ƙyale-ƙyale da wasa har ya sha suka ta kowane ɓangare, aka jingine sadaukin shekara takwas ba a sake kai shi sinima ba. Da Nolan ya zo da Batman Begins a 2005 sai ya ɗora wa kansa ƙa'ida mai tsauri, cewa duk abin da ya bayyana a fim sai an nuna wa mai kallo inda ya fito. Rigar Batman sulken soja ne da kamfanin gidansu ya ƙera aka ajiye saboda tsada, motarsa ma don aikin soja aka yi ta, sassan hularsa kuwa oda aka yi daga ƙasashen waje da yawan gaske don kada a gane mai saye. A littafi Ra's al Ghul, abokin gabar Batman a wannan fim, yana da ramin wani ruwa da ke maido masa da ƙuruciya har ya rayu ɗaruruwan shekaru, amma Nolan ya cire wannan gaba ɗaya. Joker, babban abokin gabar Batman, a littafi sinadari ne ya rina masa fata ta koma fara, gashinsa ya koma kore, shi kuwa wanda Heath Ledger ya taka a The Dark Knight na 2008 fenti yake shafawa a kan tabon da ke gefen bakinsa. An ɗauki kaso mai yawa na fim ɗin a titunan Chicago, don haka Gotham, birnin Batman, ya fito kamar garin da mutum zai iya sauka a tasharsa ya nemi masauki. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1, Ledger kuma, wanda ya rasu a Janairun 2008 kafin a saki fim ɗin, ya samu kyautar Oscar bayan mutuwarsa.

Abin da ya hana ni kiran wannan fim cin amana, duk da sauye-sauyen nan, yana cikin wata fitowa kusa da ƙarshe. Batman ya wurgo Joker daga saman wani dogon bene da ba a gama ginawa ba, Joker na faɗowa yana ƙyaƙyata dariya, domin abin da ya daɗe yana nema shi ne ya tura Batman ya kashe shi da hannunsa. Sai Batman ya harba igiyarsa ya cafko ƙafarsa, ya jawo shi sama yana reto kai a ƙasa. Wannan mutumin shi ne sanadin mutuwar macen da Batman ke so, shi ne kuma ya lalata lauyan da gari ya ɗora wa fata, amma duk da haka Batman bai bar shi ya faɗi ba. Haramcin kisa shi ne ƙashin bayan Batman a littattafai tun farkon shekarun 1940, kuma Nolan ya gina fim ɗin kacokan a kansa. Ba zan ɓoye cewa ya yi tuntuɓe ba, domin a fim na farko Batman ya bar Ra's al Ghul a cikin jirgin ƙasan da zai tarwatse bisa hujjar cewa ba dole ne ya cece shi ba, kuma har yau wannan yana yi mini nauyi a rai. Amma a dunƙule, Nolan kaya ya canza, mutumin yana nan yadda aka san shi.

Logan na 2017, fim ɗin Wolverine (Logan shi ne ɗaya sunansa) wanda James Mangold ya ba da umarni, ya fi haka nisa da littafinsa. Old Man Logan na Mark Millar da Steve McNiven yana ɗauke da wasu sadaukan, wato makahon Hawkeye da zuriyar Hulk, waɗanda kamfanin Fox ba shi da haƙƙin sa su a fim, don haka abin da aka ɗauko bai wuce tsohon Wolverine da doguwar tafiya a mota ba. A fim ɗin, wanda aka saita a shekarar 2029, Logan yana tuƙin haya a kusa da iyakar Meziko, yana tara kuɗin maganin tsohon malaminsa Farfesa Xavier wanda tsufa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, yana ɗaukarsa cak ya kai shi makwanci, yana jure faɗansa da mantuwarsa. Duk wanda ya yi jinyar tsoho a gida zai gane gajiyar da ke fuskar Hugh Jackman, wanda ya taka Logan, a waɗannan wurare. Jinin da ke cikin fim ɗin ma yana da dalili, domin mutumin da ke da wuƙaƙe uku a kowane hannu ba zai yi faɗa babu jini ba, kuma shekara goma sha bakwai ana ɓoye wannan a yawancin fina-finan da suka gabata. Wannan fim ya kai ga shiga takarar Oscar a rukunin labarin da aka ciro daga wani rubutu, abin da ba a saba gani ba a fina-finan sadaukai.

Matsalar ta taso ne da kamfanoni suka ɗauka cewa duhun kansa ne ya kawo nasara, suka shiga shafa shi a kan kowa, alhali kowa da kiwon da ya karɓe shi. Misali mafi zafi a wurina shi ne Man of Steel na Zack Snyder a 2013. Tun Clark, wato Superman, yana yaro, bayan ya ceto motar 'yan makaranta daga cikin kogi, uban da ya raine shi ya nuna masa cewa wataƙila da ya bar su, don kada asirinsa ya tonu. Daga baya wannan uba ya tsaya a gaban guguwa, ya ɗaga hannu ya hana ɗansa ceto shi. A ƙarshen fim, bayan an ragargaza unguwanni a birnin Metropolis, abokin gabarsa Janar Zod ya nufi wasu iyali da wutar idanunsa a cikin tashar jirgin ƙasa, Superman ya roƙe shi ya daina, da ya ƙi sai ya karya masa wuya, ya durƙusa ya kurma ihu. Masu kare fim ɗin suna da gaskiya a wuri ɗaya, domin a littafin da John Byrne ya rubuta a 1988 Superman ya taɓa kashe wani Zod. Sai dai a can nauyin abin ya bi shi watanni, har ya bar duniya ya yi hijira zuwa sararin samaniya saboda nadama. A fim kuwa mintuna kaɗan aka yi aka koma raha da sabon aikin jarida.

Don a gane abin da aka rasa, sai a dubi shafi ɗaya daga All-Star Superman na Grant Morrison da Frank Quitely. Wata yarinya na tsaye a bakin rufin dogon bene, ta yanke ƙauna saboda tana zaton likitanta ya yi watsi da ita. Superman, wanda shi kansa yana kan hanyar mutuwa a wannan labari, ya sauka a bayanta a hankali, ya dafa kafaɗarta, ya tabbatar mata cewa likitan hanya ce ta tsare shi, ya kuma gaya mata cewa ƙarfinta ya fi yadda take zato. Ta juyo ta rungume shi. Babu naushi ko ɗaya a shafin, kuma masu karatu da yawa suna ɗaukarsa a matsayin madubin Superman. Batman yaro ne da aka kashe iyayensa a gabansa, don haka duhu gidansu ne. Superman kuwa baƙo ne da manoma suka tsinta suka raine shi da ƙauna, kuma duk darajar labarinsa ita ce mai ƙarfin da ya fi kowa ya zaɓi tausayi. Idan aka cire wannan aka sa shakka da ɗacin rai, abin da ya rage mutum ne mai tashi sama kawai.

Batman v Superman na 2016 ya ƙara zurfafa ramin. Ya kwafo sulken ƙarfe da faɗan sadaukan biyu daga littafin Miller, ya kwafo mutuwar Superman daga labarin 1992, amma Batman ɗinsa yana harbe mutane daga mota da jirgi ba tare da wani ya tsaya ya tambaye shi ba. An yi tuya an manta da albasa. Fantastic Four na 2015 ma haka ya ɗauki iyalin sadaukai huɗu da aka sani da raha da son bincike ya kulle su a ɗakunan gwaji masu duhu, masu kallo suka juya masa baya.

A ɗaya gidan, riƙon littafi yana da ribar da ba a musunta. Superman na Richard Donner a 1978 bai ji kunyar jan mayafi ko kirkin jaruminsa ba, kuma Christopher Reeve ya nuna cewa ana iya taka mutumin kirki ba tare da ya zama wawa ba. Spider-Man na Sam Raimi a 2002 ya canza abu guda da ya tayar da ƙura, wato ya sa zaren gizo na fitowa daga jikin Peter Parker, wato Spider-Man, maimakon na'urar da ya ƙera da kansa a littafi, amma ya riƙe talaucinsa, da laifin da yake ɗora wa kansa kan mutuwar baffansa da ya raine shi. Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018 ya wuce nan, ya ɗauko har ɗige-ɗigen tawadar bugu da akwatunan rubutu na shafin littafi ya motsa su a allo, kuma ya ci Oscar a rukunin katun. Akwai kuma alamar cewa zamani ya juya. A X-Men na 2000 an sa wa sadaukan baƙaƙen rigunan fata saboda ana ganin ruwan ɗorawa da shuɗi za su zama abin dariya, amma a 2024 Jackman ya fito da rigar ruwan ɗorawar a Deadpool & Wolverine, a 2025 kuma James Gunn ya maido wa Superman jan gajeren wandonsa har da karensa Krypto.

Sai dai wanda ya ɗauka cewa bin littafi sawu da ƙafa shi ne magani, ya zauna ya kalli Watchmen na 2009, shi ma aikin Snyder. Littafin, wanda Alan Moore ya rubuta, Dave Gibbons ya zana, ya fito kashi 12 tsakanin 1986 da 1987. Snyder ya bi shi kusan zane bayan zane, ya riƙe shekarar 1985, ya riƙe Nixon a kan mulkin Amurka, ya riƙe maganganu da yawa kalma bayan kalma. Babban abin da ya canza shi ne ƙarshe, inda ya cire dodon da aka jefa wa New York ya ɗora laifin hallaka birane a kan Dakta Manhattan, ɗaya daga cikin sadaukan labarin, kuma a ganina wannan canji yana da hujja, domin dodon yana bukatar dogon share fage da fim ba shi da lokacinsa. Ɓarnar tana wani wuri dabam. Manufar Moore ita ce ya nuna cewa mutanen da ke sa abin rufe fuska su fita dukan masu laifi da dare suna da rauni, wasunsu ma abin tausayi ne ko abin tsoro. Akwai wurin da wasu 'yan daba suka tare biyu daga cikin tsoffin sadaukan, Dan da Laurie, a lungu. A littafi sun yi nasara, amma an zana su bayan faɗan suna haki, mutane biyu da suka daɗe da barin sana'ar. A fim kuwa an mayar da wurin bajekolin bajinta, ana karya hannu har ƙashi ya fito, ana caka wuƙa, su biyun suna juyi kamar waɗanda ba sa gajiya. Hoton ya yi kama da shafin, amma saƙon ya juye, abin da littafin ke gargaɗi a kansa ya zama abin sha'awa. Kama da wane ba ta wane. Moore dai ya ƙi a sa sunansa a fim ɗin. Shirin talabijin na Watchmen da Damon Lindelof ya yi a 2019 bai kwafi labarin ba sam, ya ci gaba da shi ne shekaru 34 bayan nan, ya buɗe da kisan gillar da aka yi wa baƙaƙen fata a Tulsa a 1921, amma ni na fi jin numfashin littafin a cikinsa.

Joker na Todd Phillips a 2019 sai a ware shi gefe. Sunan jarumin, Arthur Fleck, da tarihinsa ba daga littafi suka fito ba, kuma fim ne a kan talauci da taɓin hankali da birnin da ya janye tallafin magani daga marasa ƙarfi. Joaquin Phoenix ya ci Oscar da shi, fim ɗin ya haura dala biliyan 1, amma wanda ya shiga yana neman abokin gabar Batman mai kaifin dabara zai fito hannu rabbana.

Idan aka zo zaɓi, tambayar farko ita ce da wa za a kalla, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. A tsarin tantance fina-finai na Amurka, alamar R na nufin wanda bai kai shekara 17 ba sai da rakiyar babba, kuma Logan da Joker da Watchmen duk suna ɗauke da ita. Watchmen yana da tsiraici a fili ban da jini, don haka ba fim ɗin tsakar gida ba ne ko kaɗan. Kada kuma launin riga ya ruɗi iyaye, domin Deadpool & Wolverine, duk da kamanninsa da littafi, yana da alamar R kuma bakinsa cike yake da ashar. The Dark Knight yana da alamar PG-13, wato gargaɗi ga iyayen yara 'yan ƙasa da shekara 13, amma akwai wuraren da za su hana ƙaramin yaro barci. Wanda zai zauna da ƙannensa ko 'ya'yansa, Into the Spider-Verse ya fi masa kwanciyar hankali, sai kuma katun ɗin Batman da aka fara a 1992 wanda Kevin Conroy ya yi wa murya, domin ya haɗa duhun Gotham da mutunta halin sadaukin ba tare da zubar da jini ba.

Tambaya ta biyu ita ce wane sadauki ake so. Ga Batman da Wolverine ina ba da shawarar salon duhu ba tare da shakka ba, domin raunin da ke zuciyarsu shi ne labarinsu, kuma The Batman na Matt Reeves a 2022 ya nuna cewa ana iya haɗa duhun da amanar littafi a tukunya ɗaya. Ya maido da aikin bincike da fina-finai suka daɗe da sakaci da shi, ya sha daga littattafan Year One da The Long Halloween, jaruminsa kuma ba ya kisa, sai dai mai kallo ya shirya wa zaman kusan sa'o'i uku. Ga Superman da Spider-Man da Fantastic Four kuwa, a nemi fim ɗin da bai ji kunyar haskensu ba. Wanda bai taɓa ganin Superman ba ya fara da na 1978 ko na 2025, ya bar Man of Steel sai ya san mutumin, don ya iya auna abin da aka canza da kansa.

Ta uku ta shafi wanda ya riga ya karanta littattafan, kuma shi ne ya fi fuskantar takaici. Shawarata gare shi ita ce ya rage ƙirga abin da aka cire na riga da makami da sunan gari, ya zuba ido a kan abin da sadaukin ke yi idan aka matse shi a lungu, ko zai kashe, ko zai tsaya ya ceci wanda bai sani ba, ko zai ji nauyin kuskurensa har fim ya ƙare. Da wannan ma'auni Logan, wanda kusan bai ɗauki komai daga littafinsa ba, ya wuce Watchmen da ya ɗauki kusan komai. Wanda kuma dare ɗaya kawai gare shi, babu yara a ɗaki, ni The Dark Knight zan miƙa masa. Watchmen kuwa ya fara neman littafin ya karanta kashi 12 ɗin nan tukuna, sannan ya buɗe fim ɗin ya tsaya a faɗan lungun nan ya kwatanta da shafin.